Aliyu Mai-Bornu: Malamin makarantar da hotonsa ke jikin Naira 1,000

Duk wanda ya taɓa cirar kuɗi a wurin mai POS, ko ya biya kuɗin mota a tasha, ko ya yi cefane a kasuwa, ya riƙe hoton Alhaji Aliyu Mai-Bornu a hannunsa. Shi ne ɗaya daga cikin mutum biyun da ke gaban takardar Naira 1,000, takardar kuɗi mafi girma a Najeriya. Ɗayan kuwa shi ne Dakta Clement Isong.

Sai dai da za a tsayar da mutum goma a titi a tambaye su ko wane ne shi, da wuya a samu amsa kamar yadda za a samu idan aka nuna Sardauna a jikin Naira 200, ko Murtala a jikin Naira 20. Waɗancan 'yan siyasa ne da shugabannin ƙasa da sunayensu ke bakin kowa. Mai-Bornu ma'aikacin gwamnati ne da ya yi aikinsa a ofis. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Babban Bankin Najeriya, wato CBN, daga 1963 zuwa 1967.

Wani abin mamaki shi ne, mutumin da hotonsa ke jikin babbar takardar Naira bai taɓa riƙe Naira ba a rayuwarsa. Ya rasu a 1970, ita kuwa Naira sai a ranar 1 ga Janairun 1973 aka fara aiki da ita. Fam da sule da kwabo ya sani, kuma su ya kula da su.

Yaron da aka so a hana shiga boko

An haifi Aliyu a Yola a shekarar 1919, kuma iyayensa Barebari ne. A lokacin, shekara 18 kacal ke nan da Turawan Ingila suka ci garin da yaƙi, don haka har yanzu jama'a na ɗari-ɗari da duk abin da ya fito daga hannun Bature, musamman makarantarsa.

Mahaifinsa ɗan majalisa ne a En'e ta Lamiɗon Adamawa, amma duk da kusancinsa da hukuma bai yarda ɗansa ya shiga boko ba. Irin wannan ra'ayi ba baƙo ba ne a Arewa a wancan zamani. Iyaye da dama na tsoron makarantar za ta raba yaro da addininsa da tarbiyyar gidansu, har wasu kan ɓoye 'ya'yansu idan aka zo ɗaukar yara. Sai da Lamiɗo ya sa baki, ya lallashi mahaifin, sannan aka bar yaron ya tafi.

Ya yi elemantare da midil a Yola. A 1938 ya samu shiga Kwalejin Kaduna, wadda a wannan shekarar ce aka ɗauko ta daga Katsina. Ita ce makarantar da ta koma Zariya a 1949, wadda a yau ake kira Kwalejin Barewa. A wancan lokaci babu makarantar da ta fi ta a Arewa, kuma yara ƙalilan ake zaɓowa daga kowane lardi. Cikin waɗanda suka yi zamani da shi a can akwai Malam Aminu Kano da Shehu Shagari.

Ya kammala a 1942 a matsayin malamin Ingilishi.

Shekara goma da alli a hannu

Aikinsa na farko a Midil ta Yola ne, makarantar da ta yaye shi, inda ya koyar daga 1942 zuwa 1946. Daga nan aka mayar da shi Kwalejin Kaduna, ya ci gaba da koyarwa a cikinta har 1952, bayan ta tare a Zariya. A ƙarshen waɗannan shekaru ne wani yaro mai suna Yakubu Gowon ya shiga makarantar a matsayin ɗalibi. Kimanin shekara 15 bayan haka, yaron ne shugaban ƙasa, tsohon malamin makarantar kuma shi ke riƙe da Babban Banki.

Ya shiga Ƙungiyar Malaman Arewa, wadda aka kafa a 1948, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin farko da 'yan bokon Arewa suka haɗu a ciki don neman gyaran albashi da yanayin aiki. Malaman makaranta ne suka fi yawa a cikin waɗanda suka kafa jam'iyyun siyasar Arewa bayan wannan lokaci. Sardauna malami ne, Tafawa Ɓalewa malami ne, haka Aminu Kano da Shagari. Hanya a buɗe take ga Malam Aliyu ya bi sahunsu, amma ya ɗauki wata daban.

A 1952 ya koma Yola a matsayin mataimakin hedimasta, sannan ya yi ɗan gajeren zama a makarantar koyon aikin dabbobi da ke Vom, kusa da Jos. Daga nan ya samu tallafin karatu daga gwamnati ya tafi Ingila, ya shiga Jami'ar Bristol don karanta tattalin arziki.

A lokacin ya haura shekara 30, ya riga ya shafe fiye da shekara goma yana aiki, kuma ya kai matsayin da mutane da yawa za su zauna a kai har ritaya. Ya ajiye wannan duka ya koma benci tare da samarin da ya girme su nesa ba kusa ba. Hausawa na cewa gemu ba ya hana ilimi. Ya samu digirinsa a 1957, yana da shekara 38, a zamanin da masu digiri daga Arewa ba su da yawa, balle a fannin tattalin arziki.

Da ya dawo, gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauke shi jami'in mulki. Ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata da kuma ɓangaren kuɗi da ciniki, daga 1957 zuwa 1959.

Ƙasa mai shirin 'yanci, kuɗinta a hannun wasu

Don a gane nauyin kujerar da ya hau daga baya, sai an duba yadda harkar kuɗi take kafin a kafa bankin.

Tun daga 1912, wata hukuma mai hedikwata a Landan ce ke fitar da kuɗin da ake kashewa a Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Aikinta bai wuce musaya ba: a ba ta fam ɗin Ingila, ta bayar da kwatankwacinsa a kuɗin Afirka ta Yamma. Ba ta sa ido a kan bankuna, ba ta taimaka wa gwamnati wajen neman rance a cikin gida, ba ta da ikon ƙara ko rage kuɗin da ke yawo don amfanin ƙasa. Ajiyar da ke tsaya wa kuɗin kuwa tana Ingila.

A farkon shekarun 1950 an yi ta buɗe bankunan 'yan ƙasa barkatai, kuma da yawansu suka durƙushe da kuɗin masu ajiya. Wannan ya sa aka kafa dokar banki ta 1952, ya kuma ƙara wa 'yan kishin ƙasa ƙaimi wajen neman a kafa babban banki. Masanin farko da Bankin Ingila ya turo don nazarin batun, J. L. Fisher, ya ba da shawarar cewa lokaci bai yi ba. Sai bayan rahoton J. B. Loynes na 1957 aka amince. An yi dokar kafa bankin a 1958, ya buɗe ƙofa a Legas ranar 1 ga Yulin 1959, kuma a ranar ce ya fitar da takardun kuɗinsa na farko, masu ɗauke da sunan Najeriya.

Gwamnan farko Bature ne, Roy Pentelow Fenton, wanda ya zo daga Bankin Ingila. An san zamansa na wucin gadi ne. Tambayar ita ce wane ɗan ƙasa ne zai iya karɓa idan ya tafi.

A 1959 gwamnatin Arewa ta ba da aron Aliyu Mai-Bornu ga sabon bankin. Ya fara a matsayin ƙaramin mataimakin sakatare, ya yi ta hawa har ya zama sakataren bankin. A 1962 aka naɗa shi mataimakin gwamna. Ranar 25 ga Yulin 1963, kwana ɗaya bayan ƙarewar wa'adin Fenton, ya zama gwamna. Shekara huɗu ke nan da shigarsa bankin, shekara shida da samun digirinsa, kuma yana da shekara 44.

Abin da ya tarar a kan teburi

Najeriyar 1963 ba ta dogara da man fetur ba. An gano mai a Oloibiri a 1956, an fara fitar da shi a 1958, amma har lokacin gyaɗa da koko da manja da kwakwa da auduga da kuza ne ke kawo yawancin kuɗin waje. Saboda haka harkar kuɗi tana bin kaka ne.

Idan gyaɗa ta zo, manomi a ƙauye ba ya karɓar alkawari, kuɗi yake so a hannu. Wakilan saye masu lasisi kan buƙaci maƙudan kuɗi a cikin 'yan makonni, alhali kuɗin gyaɗar ba zai dawo daga Turai ba sai an tara ta a dalar gyaɗa ta Kano, an loda ta a jirgin ƙasa zuwa Legas, an sa ta a jirgin ruwa. Dole wani ya cike wannan giɓi na watanni.

A da, bankunan Turawa kan jawo kuɗin daga Landan idan kaka ta yi, su mayar idan ta wuce. Daga 1962, shekarar da Mai-Bornu ya zama mataimakin gwamna, aka fara wani tsari na cikin gida. Bankunan kasuwanci kan ba hukumar sayen amfanin gona rance bisa takardar alkawarin biya cikin 'yan watanni, bankin da ya matsu kuma sai ya kai takardar Babban Banki ya karɓi kuɗi. Wannan tsari ya ci gaba a duk tsawon wa'adinsa. Manomin da ya kai buhun gyaɗarsa kan sikeli ya koma gida da sulallansa bai san da wannan ba, amma da shi aka biya shi.

Haka nan bankin ya riƙa sayar da takardun bashin gwamnati na gajeren lokaci, waɗanda aka fara fitarwa a 1960, da takardun rancen raya ƙasa, domin kuɗin da bankuna da kamfanoni ke ajiyewa a waje su zauna a gida su yi aiki. Gwamnati na buƙatar wannan sosai, domin tana tsakiyar aiwatar da shirin raya ƙasa na farko na 1962 zuwa 1968, wanda babban aikinsa shi ne madatsar ruwa ta Kainji.

A zamaninsa ne aka kafa bankin bunƙasa masana'antu na NIDB a 1964, wanda daga baya aka narkar da shi cikin Bankin Masana'antu na yanzu. A zamaninsa ne kuma kamfanin buga kuɗi na ƙasa, wanda aka kafa a 1963 da haɗin gwiwar kamfanin De La Rue na Ingila, ya fara aiki a Legas. A 1965 aka sauya takardun kuɗi domin su ɗauki sabon sunan ƙasar, bayan Najeriya ta zama jamhuriya ranar 1 ga Oktoban 1963.

Akwai kuma aikin da ba ya shiga kanun labarai, wato horar da 'yan ƙasa su maye guraben Turawan da ke tafiya. Akwai masu shakkar ko baƙar fata zai iya riƙe irin wannan ma'aikata ba tare da kuɗin ƙasa ya lalace ba. A duk shekarun da ya yi a kujerar, fam ɗin Najeriya ɗaya daidai yake da fam ɗin Ingila ɗaya.

Banki a tsakiyar guguwa

Shekaru huɗun da ya yi suna cikin mafi wahala a tarihin ƙasar. Ya hau ana rikicin ƙidayar jama'a. A watan Yunin 1964 ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari kan albashi. A ƙarshen shekarar aka yi zaɓen tarayya mai cike da taƙaddama, sannan zaɓen Jihar Yamma na 1965 ya ƙare da ƙone-ƙone.

Ranar 15 ga Janairun 1966 sojoji suka yi juyin mulki. An kashe Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Firimiyan Yamma Samuel Akintola. An kuma kashe Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh, wanda ma'aikatarsa ce Babban Banki ke hulɗa da ita kullum. Bayan wata shida aka sake wani juyin mulkin, aka kashe Janar Aguiyi-Ironsi, Gowon ya hau.

Ke nan a cikin shekara ɗaya gwamnan banki ya yi aiki da shugabannin gwamnati uku. A irin wannan yanayi masu kuɗi kan nemi fitar da dukiyarsu waje, 'yan kasuwa su ɗaga ƙafa, jama'a su fara tunanin ko takardar da ke hannunsu za ta yi amfani gobe. Duk da haka bankin bai rufe ba, kuma kuɗin ƙasa bai rushe ba.

A watan Mayun 1967 Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, kuma ranar 30 ga watan Ojukwu ya ayyana ɓallewar Biyafara. Mai-Bornu ya bar kujerar gwamna ranar 22 ga Yunin 1967, mako biyu kafin a fara harbe-harben yaƙin basasa ranar 6 ga Yuli.

Wanda ya gaje shi a watan Agusta shi ne Clement Isong, ɗan Eket da ke Jihar Akwa Ibom ta yanzu, mai digirin digirgir daga Jami'ar Harvard. Shi ya riƙe bankin a lokacin yaƙi, ya jagoranci sauya takardun kuɗi a 1968 da kuma shigowar Naira a 1973, kafin ya sauka a 1975. Daga baya ya zama gwamnan Jihar Kuros Riba a Jamhuriya ta Biyu.

Shi kuwa Mai-Bornu ya koma Kamfanin Taba na Najeriya a matsayin darakta kuma babban manaja har 1969, ya ci gaba da zama a hukumar daraktocin kamfanin. Ya rasu ranar 23 ga Fabrairun 1970, 'yan makonni bayan ƙarewar yaƙin, bai wuce shekara 51 ba.

Yadda hoton ya hau Naira

Sanya hoton ɗan ƙasa a jikin takardar kuɗi ya fara ne a 1977, lokacin da aka fitar da Naira 20 mai hoton Janar Murtala Muhammed, shekara ɗaya bayan kashe shi. A 1979 aka sa Herbert Macaulay a Naira 1, Tafawa Ɓalewa a Naira 5, Alvan Ikoku a Naira 10. Bayan dawowar mulkin farar hula aka fitar da Naira 100 mai hoton Obafemi Awolowo a 1999, da Naira 200 mai hoton Ahmadu Bello a 2000, da Naira 500 mai hoton Nnamdi Azikiwe a 2001.

Da aka zo kan Naira 1,000, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo da gwamnan banki Charles Soludo, sai aka waiwayi cikin gida. An fitar da takardar ranar 12 ga Oktoban 2005 ɗauke da hotunan gwamnonin bankin biyu na farko 'yan ƙasa, ɗaya daga Arewa, ɗaya daga Kudu. A bayanta akwai ginin hedikwatar bankin da ke Abuja, a gabanta kuma an rubuta Naira dubu da ajami. Shekara 35 ke nan bayan rasuwar Mai-Bornu, shekara biyar bayan ta Isong.

Hoton ya tsallake sauyin fasalin kuɗi na ƙarshen 2022, lokacin da aka mayar da takardar shuɗiya. A farkon 2023, da aka shiga ƙarancin tsabar kuɗi, mutane suka riƙa kwana a layin ATM suna neman sabuwa, 'yan kasuwa na ƙin karɓar tsohuwa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da amfani da duka biyun. Tsohuwa da sabuwar, fuskokin nan biyu ne dai a jikinsu.

Darajar takardar ce ba ta tsaya inda take ba. A 2005 ana canjin dalar Amurka a kan kusan Naira 130, wato dubu ɗaya ta haura dala bakwai. Tun daga 2024 kuwa dubu ɗaya ba ta kai dala guda ba. Takardar da a da ake jin nauyin fito da ita a gaban mai kayan miya saboda rashin canji, yau ita ake miƙa wa ɗan acaɓa. Wanda ya bar kujera fam ɗin Najeriya na kafaɗa da kafaɗa da na Ingila, hotonsa ne a jikinta.

Tana kuma cikin takardun da ake yin liƙi da su a wurin biki, a watsa ta sama, ta faɗi ƙasa a tattake. Dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta hakan, ta tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla Naira 50,000, ko duka biyun.

Bayan Mai-Bornu, wasu 'yan Arewa sun hau wannan kujera: Malam Adamu Ciroma daga 1975 zuwa 1977, Alhaji Abdulƙadir Ahmed daga 1982 zuwa 1993, da Sanusi Lamiɗo Sanusi daga 2009 zuwa 2014. Dukkansu sun tarar da banki mai ma'aikata 'yan ƙasa da rassa a faɗin Najeriya. Shi ya shige shi ne tun yana jariri, ya karɓe shi daga hannun Bature, ya miƙa shi ga ɗan ƙasa ɗan'uwansa a tsaye da ƙafafunsa.

An rubuta sunansa da ƙananan baƙaƙe kusa da hoton, yadda sai mutum ya kusantar da takardar ga idonsa zai iya karantawa. Ɗaliban Yola da na Barewa da ke karɓar dubu ɗaya ta kuɗin tara na iya dubawa, domin wanda ke jiki ya zauna a irin bencinsu, ya kuma koyar a irin ajinsu. Allah Ya jiƙansa da rahama.